'Yar Kashe-Gari da Iyakar da Ta Yi wa Duhu

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya a shekarar 1958, a wannan gari, a gida na uku bayan layin maƙera, shekara biyu bayan an kafa falwayar farko a bakin kasuwa. Mahaifinta mai walda ne, mahaifiyarta kuwa tela ce mai keken ƙafa, wanda daga baya ya tabbata shi ne injin da ya fi kowanne aminci a gidan, domin ba ya jiran kowa ya kawo masa wuta. Da yake sunan kakarta aka sa mata, mahaifin bai taɓa furta shi ba, sai dai ya ce Uwata. A ofis da Injiniya aka san ta. Sunan yankan yana nan a takardun fansho, inda babu mai karantawa. Amma sunan da gari ya raɗa mata tun ba ta iya tafiya ba, wanda kuma ta ƙarar da rayuwarta tana neman binnewa, shi ne 'Yar Kashe-Gari.

Asalin sunan kuwa shi ne, a wancan zamani wutar gari duka ta ƙofa ɗaya take shigowa, mahaifin kuma da hannunsa ya haɗa injin waldarsa daga tsofaffin wayoyi da ƙarafan tsintuwa. Injin ya ɗauko halin mai shi: aiki da zuciya ɗaya, sai dai lokaci-lokaci ya fusata, ya yi tartsatsi, ya haɗa waya. Duk sa'ad da haka ta auku, wuta takan ɗauke daga asibiti har tashar mota. Al'umma, wadda ba ta cika wahalar da kanta da bincike ba muddin ta sami wanda za ta nuna da yatsa, sai ta laƙaba masa Kashe-Gari, har ya zamana ko yana kwance da zazzaɓi wuta ta ɗauke, za a ji an ce ya sake. Masu injin niƙa suka daina amsa gaisuwarsa. Mata suka janye ɗinkinsu daga hannun matarsa. Mai sayar da ƙanƙara ya taɓa jan buhunsa har ƙofar shagon, ya juye abin da ya narke a kan dakali, ya tafi abinsa.

Marigayiya tana da shekara tara lokacin da ta share wannan ruwa da tsintsiya, kuma a ranar ne ta tambayi mahaifinta dalilin da zai sa laifin shago ɗaya ya jefa gari duka cikin duhu. Ya ce mata haka wuta take. Ba ta gamsu ba, kuma duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi daga rashin gamsuwar nan ya fito.

Neman Ilimi

Ta shiga firamare a 1965, inda daga baya ta maimaita tambayar a gaban malamin aji, ya amsa mata da bulala, kamar yadda aka saba amsa tambayoyin da malami bai san amsarsu ba. Ta wuce sakandare a 1972, ta fita da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya, da kuma shaidar shugabar makaranta cewa yarinya ce mai ladabi amma ba ta san inda ake tsayar da magana ba. A 1977 ta sami gurbi a kwalejin fasaha, sashen lantarki. Magatakardan da ya karɓi takardunta ya nuna mata ƙofar ajin koyon buga tafireta, bisa kyakkyawan zaton cewa ɓatan hanya ta yi. Ta yi masa godiya, ta shiga ƙofar da ta zo dominta.

A kwaleji ta koyi yadda ake samar da wuta da yadda ake tura ta, amma ta lura kowa yana ɗokin ilimin kawowa ne, ba mai sha'awar ilimin yankewa. Darasin kariya, wato sanin lokacin da ya wajaba a katse layi kafin ya ƙone kansa da na kusa da shi, shi ne ɗalibai suke gudu, domin lissafinsa da yawa kuma ba a yi wa mai shi tafi. Shi ta zaɓa.

Koyon Aiki a Tashar Rarraba Wuta

A 1980 kamfanin wuta ya ɗauke ta, ya tura ta koyon aiki a wata tashar rarraba wuta da ke nesa da gida, fili ne mai shingen waya, an shimfiɗe shi da tsakuwa, da manyan taransifoma biyu masu gurnani ba dare ba rana. Daga nan layuka suke fita zuwa unguwanni, waɗanda ma'aikata ke kira fida. A ɗakin kula akwai jerin akwatunan ƙarfe masu launin toka, kowanne da 'yar tagar gilashi, a bayanta wani ɗan faifai yana zaune shiru. Kusa da shi akwai ɗakin batura, mai warin da ke sa sabon shiga tari.

Shugabanta shi ne babban injiniyan kariya, dattijo mai furfura da farar riga, wanda ma'aikata ke kira Jira-Tukuna saboda da wannan kalma yake buɗe kowace amsa. Shi ya koya mata cewa kowane layi yana da kunne, da mai gadi, da hannu. Kunnen shi ne abin da ke auna yawan wutar da ke wucewa. Mai gadin shi ne rile, wato akwatin nan mai faifai: idan wuta ta wuce ƙima saboda waya ta haɗu ko ta faɗi ƙasa, faifan ya fara juyawa, kuma gwargwadon girman ɓarnar gwargwadon saurinsa. Hannun kuwa shi ne bireka, wanda ke fizge layin da ƙara kamar an rufe ƙofar ƙarfe. Baturan kuma an ajiye su ne domin kada mai gadi ya dogara da wutar da yake gadi, ya zama fitilarsa tana mutuwa daidai lokacin da ɓarawo ya shigo. Ya koya mata kuma cewa yawancin laifin layi mai wucewa ne, reshe ne ko tsuntsu, don haka akan sake gwada layi sau ɗaya. In ya riƙe, shi ke nan, in kuma ya sake faɗuwa, to a bar shi, a je a duba, domin naci ba ya gyara waya.

Amma darasin da ya amsa tambayarta ta shekara tara ya zo ne ranar da ta ga an saita rile na babban layi ya fi na ƙananan jinkiri, ta ɗauka kuskure ne, ta kai masa ƙara.

"Jira tukuna, 'yata," in ji shi. "A gidanku in jariri ya yi kuka, wa ke fara tashi?"

Ta ce uwarsa.

"In ta yi nauyin barci fa?"

Ta ce kaka.

"To, maigida sai an rasa kowa. Gidan da maigida ke fara zabura duk kukan jariri, ba wanda zai yi barci a cikinsa. A wurin cin abinci babba ke fara sa hannu, amma a wurin wuta ƙarami ke fara faɗuwa, babba ya jira."

Ya bayyana mata cewa ɗan fis da ke kan falwaya, siririyar wayar nan da aka yi ta domin ta narke, shi ne uwar jariri. Bayansa na taransifoman unguwa. Bayansa rile na fida. Can ƙarshe babban bireka na gari, wanda ake ba jinkirin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma a cikinsa ne hasken dubban gidaje yake.

Da ta zo hutu a ƙarshen shekarar, ta bi masu hawa falwaya har bayan shagon mahaifinta. A gurbin fis suka tarar da wayar tagulla mai kaurin ɗan yatsa, wadda wani ma'aikaci da ya gaji da hawa da sauka ya ɗaura tun kafin a yaye ta. A taransifoman kasuwa ma haka. A tashar wutar gari kuma, da ta leƙa tagar rile na layin kasuwa, sai ta ga zanzaro ya yi gini a kan faifan, ginin ma har ya tsufa. Ke nan uwa ta kurumce, kaka ta mutu a zaune, maigida kaɗai ke ji. Da yamma, mahaifiyarta tana kan keke, ta tambaye ta abin da ta gano. Ta ce: "Inna, laifi na Baba ne, amma duhun na kamfani ne."

Aure

A 1982 ta shiga wani kantin littattafai tana neman littafi a kan saita rile. Mai kantin, mutum ne da ya karanta duk abin da ke kan kantocinsa kuma bai yafe wa masu saye rashin yin haka ba, ya ce babu, amma zai sa a kawo. Littafin ya iso cikin wata guda. Mai kantin ya ɓoye shi ƙarƙashin tebur, bisa hujjar cewa ba ya sayar da abin da bai karanta ba, ita kuma ta riƙa zuwa duk mako tana tambaya. Ya karanta shi daga bango zuwa bango bai fahimci komai ba sai gabatarwa, wadda ya ga an rubuta ta da rauni.

Da ya gabatar da buƙatarsa, ta ƙi, ta ce ba ta auren mai riƙe kayan mutane. Ya kawo littafin, ya bar kwanaki suka wuce, ya sake gabatarwa. Ta ce a ƙa'idar aikinsu sau ɗaya ake sake gwada layi, don haka ya yi sa'a wannan karon ya riƙe. An ɗaura auren a 1983. Danginsa sun ja kunnensa game da auren 'yar gidan Kashe-Gari, kuma waɗannan dangin ne daga baya suka riƙa aiko mata da gaisuwa duk ranar da layinsu ya faɗi.

Komawa Gida da Gyaran Layuka

A 1986 ta nemi a mayar da ita garinsu, aka amince cikin sauri, domin ba wanda ke neman wurin. Manajan da ta tarar ya saurari bayaninta da hamma, ya ce tun kafin a haife ta gari ke tafiya a haka kuma bai mutu ba. Duk da haka ta fara. Sai dai gwada rile yana buƙatar a kashe layi, kuma ita takan sanar kafin ta kashe, abin da ya sa jama'a suka sami wanda za su zaga da suna da lokaci. Aka riƙa cewa 'ya ta fi uba, shi da kuskure yake kashewa, ita da sanarwa. Sunan da ta dawo domin ta binne sai ya ƙara ƙiba.

A 1988 wani mai faɗa-a-ji ya buƙaci a gyara layin unguwarsa yadda ba zai riƙa faɗuwa ba, wato a toshe kunnen mai gadi. Ta bayyana masa cikin ladabi cewa layin da ba ya faɗuwa ƙonewa yake yi. Sakamakon wannan ladabi aka mayar da ita sito, ta riƙa ƙirga safar hannu da tsani. Hukumar kamfanin ta ɗauki wannan a matsayin horo, alhali a can ƙuryar siton, bayan tulin tsofaffin mita, ta tarar da akwatunan fis na kowane girma, ba a ko ɓalle ƙusarsu ba, an kawo su tun tana firamare. Ta fitar da su kaɗan-kaɗan, ta shawo kan masu hawa falwaya da shayi da kuma alkawarin cewa in tsari ya zauna, wurin da za su je neman ɓarna zai ragu daga gari guda zuwa lungu guda. Lokacin da taransifoman unguwar mai faɗa-a-jin ya kama da wuta a 1989, bayan wani mai biyayya ya yi abin da ta ƙi yi, an dawo da ita kujerarta ba tare da an ambaci dalili ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Mijinta ne ya tambaya, a rubuce, har yau kuma yana jiran amsa.

Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ta tsige wayoyin tagulla, ta rushe gidajen zanzaro, ta sabunta batura, ta jera jinkirin kowane rile daga ƙarami zuwa babba.

Ranar da Kashe-Gari Bai Kashe Gari Ba

Wata ranar kasuwa da hantsi, a 1991, injin waldan ya fusata kamar yadda ya saba. Ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, shagon ya yi tsit. Mahaifin ya ajiye tabaransa, ya fito bakin ƙofa domin karɓar zagin da ya saba karɓa, sai ya tarar injin niƙa yana ta ruri, fankar mai aski tana juyawa, rediyon mai shayi yana ta zuba. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, sannan ya rufe shago, ya nufi ofishin 'yarsa da baƙin mai a hannunsa.

Ta tarbe shi da murna, tana zaton godiya ya kawo.

"Uwata, me kika yi mini?" in ji shi. "Da can in na kashe, da jama'a nake kashewa, kowa ya san na yi aiki. Yanzu kin bar ni ni kaɗai a duhu kamar maye."

Ya nemi ta mayar masa da wayarsa ta tagulla. Ta durƙusa, ta ce duk abin da ya umarta za ta yi ban da wannan, amma za ta naɗe masa injin da sabuwar waya da hannunta. Ya ce injin da ya ciyar da ita har ta zama injiniya ba ya buƙatar gyaran yara. Ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarta. Mahaifiyar ce, wadda masu ɗinki suka fara dawo mata, ta raba gardamar, ta ce masa in zagin ne ya yi kewa, ita tana da na shekara talatin a ajiye, sai ya zauna ta ba shi. Ya yarda aka naɗe injin.

Ya rasu a 1997, kuma har a wurin jana'izarsa Kashe-Gari aka kira shi, ko da yake ya shekara shida bai kashe ko fitilar maƙwabci ba. Wannan ya yi wa marigayiya ciwo. Ta ce wa mijinta ta gyara wayoyi amma ta kasa gyara baki. Ya ce mata a iya karatunsa bai taɓa cin karo da garin da ya janye suna ba, amsar da gaskiya ce amma ba ta da amfani, kamar yawancin abin da ya karanta.

Zuriya da Zaman Gida

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1984 da 1994, kuma ta tafiyar da gidan bisa tsarin tasha. In rigima ta tashi, yayan da ke kusa shi zai kashe ta. In ta fi ƙarfinsa, sai babban wa. In ta wuce shi, sai uwa. Uban, wanda aka ba jinkiri mafi tsawo, yakan ɗago kai daga littafi ya tarar an gama, har ya yi suna a dangi da iya riƙon gida. Autar, da yake ita ke fara fashewa a kowace magana, 'yan'uwanta suka sa mata Fis. Babban kuwa, wanda sai an kai maƙura yake magana amma in ya yi kowa ya yi shiru, Bireka. Ba a yarda kowa ya taɓa allon fis na gidan ba sai ita, kuma ba wanda ya yi gardama, musamman mijin.

Ritaya da Shekarun Ƙarshe

Ta horar da matasa da dama, ta ga zuwan sababbin rile marasa faifai, masu lambobi a fuska, ta koye su tana da furfura, ta ce sun fi wayo amma ladabin ɗaya ne. Ba ta hana wuta ɗaukewa ba, domin ƙarancinta daga sama yake, kuma wannan ba a hannunta yake ba. Abin da ta hana shi ne laifin lungu ya zama hukuncin gari. Ta yi ritaya a 2018. Kamfanin ya karrama ta da fitilar caji, kyautar da ta bayyana iyakar amincewarsa da aikin kansa.

A 2021 ta fara jin ciwo a gefen ciki. Likitoci suka yi ta ba ta maganin kashe zafi suna sallamarta, har ita da kanta ta ce wa ɗayansu, tana dariya, wayar tagulla yake ɗaura mata a gurbin fis. Bai gane ba, ya rubuta mata wani. Lokacin da aka yarda a duba, ɓarnar ta riga ta kai babban layi.

Rasuwa

Ta rasu da safiyar wata Laraba a 2022, tana da shekara sittin da huɗu, aka yi mata sutura, aka binne ta a ranar kusa da iyayenta.

Kashegari da magariba gidan ya cika da masu ta'aziyya. Dangi suka jona butocin shayi da fankoki da lasifika a soket ɗaya, manajan kamfani na yanzu kuma ya miƙe yana karanta yabon da aka rubuta masa, wanda a ciki ya kuskure shekarar da ta fara aiki. Yana tsakiyar kiranta uwa ga ma'aikata sai soket ya yi tartsatsi, gidan ya yi duhu. Ta saman katanga ana hango fitilun maƙwabta, da na titi, da na kasuwa, duk suna ci.

Daga cikin duhun, ƙanwar mahaifinta, tsohuwa tukuf, ta ce da ƙarfin al'ada: "Kashe-Gari ya sake."

Matar Bireka, wadda a garin aka haife ta kuma ta girma, ta tambaya a hankali wai shin me sunan nan yake nufi, domin tun tana yarinya take jinsa, ta ɗauka kirarin jarumta ne. Tsohuwar ta ba da labarin injin walda da mai ƙanƙara. Matasan da ke wurin suka saurara cikin ladabi, sannan matar Bireka ta ce: "Kai, Gwaggo, ke dai da labari. Ta yaya shago ɗaya zai kashe gari guda? Ai ba haka wuta take ba."

Aka yi dariya, tsohuwar ta yi ta rantsuwa, ba wanda ya gaskata ta. Wani ɗan'uwa mai son taimako ya ce a ba shi guntuwar waya ya ɗaura, autar ta fashe masa kamar yadda sunanta ya tanada, ta ɗauko fitilar cajin kamfani, ta buɗe allon, ta sa sabon fis daga cikin waɗanda uwarta ta jera a gwangwani. Ta haka sunan ya wanzu a bakin mutane, ma'anarsa kuwa ta riga mai shi shiga ƙasa, sai dai an makara da kwana ɗaya wajen sanar da ita.

Ta bar 'ya'ya huɗu: Bireka, malamin lissafi, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, wanda ya gaji shagon kakansa da injin da aka saya a kanti, da Fis, injiniyar kariya a tashar da uwarta ta gyara. Ta bar jikoki bakwai. Ta kuma bar mijinta, wanda ya girme ta da shekara tara, ya kuma shirya komai bisa zaton shi zai riga ta, da yake ya karanta littafin nan na saita rile bai fahimta ba. Ƙarami ke fara faɗuwa, babba ya jira. Allah ya haskaka makwancinta. Babban yana jira.